Gawayi Da Takarda: Nunin Zane-zanen Odilon Redon

A wannan mako shafin namu zai ɗan fita daga fagen waƙa da littattafai ya shiga fagen zane. Dalili kuwa shi ne, kwanan baya wani yaro ɗan makaranta a nan Kunci ya kawo mini littafinsa cike da surorin dodanni, waɗansu da fukafukai, waɗansu da kai uku, ya ce, "Malam, duba ka gaya mini gaskiya." Na duba, na ga hannunsa da kyau, amma ko ɗaya cikin dodannin nan bai sa gabana ya faɗi ba. Na rasa yadda zan bayyana masa dalili, sai da na koma gida na buɗe adaka, na ɗauko littafin wani nuni da na taɓa gani a birnin Niyu Yok ta ƙasar Amurka. A cikinsa na sami amsa, ita ce kuwa na ke so in shimfiɗa muku yau.

An yi nunin nan a gidan adana zane-zanen zamani da a ke kira MoMA, daga ƙarshen Oktoba 2005 zuwa Janairu 2006, wata ma'aikaciyar gidan mai suna Jodi Hauptman ita ta shirya shi. Aikin mutum guda aka baje, watau Odilon Redon, Bafaranshe. Tushen nunin wata kyauta ce da iyalin wani attajiri, Ian Woodner, suka yi wa gidan a 2000, zane fiye da ɗari na wannan mutum. Yawancin abin da aka rataya a kan takarda ya ke, na gawayi ne, da na alli mai launi, da na bugun dutse. Sunan da suka ba nunin, in an juya shi da Hausa, ma'anarsa abin da ke bayan wanda ido ke gani. Ku riƙe sunan nan, don a kansa ne na ke da ja da su.

An haifi Redon a Bordo a 1840, ya rasu a Faris a 1916. Yana ƙarami ba shi da ƙoshin lafiya, sai aka kai shi goyo gidan gonar iyayensa da a ke kira Peyrelebade, a karkarar Medok, ƙasar inabi da rairayi da fadamu. Can ya tashi kusan shi kaɗai, abokan hirarsa itatuwa ne da gajimare. Ubansa ya so ya koyi tsara gine-gine, ya faɗi jarrabawar. A 1864 ya zauna gaban wani shahararren malamin zane a Faris, Jean-Léon Gérôme, jininsu bai haɗu ba, ya koma gida. Mutum biyu na Bordo su suka buɗe masa ido. Na fari Rodolphe Bresdin, matalaucin mai zane wanda ya koya masa sassaƙa sura a kan farantin tagulla don bugawa. Na biyu Armand Clavaud, masanin tsirrai, wanda ya zaunar da shi gaban madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, ya nuna masa halittun da su ke tsakanin tsiro da dabba, ya kuma sa shi karanta Darwin da marubuta irin su Edgar Allan Poe da Flaubert. Ya yi aikin soja a yaƙin Faransa da Furushiya na 1870 zuwa 1871, bayan yaƙin ne ya duƙufa ga zanen gawayi, wanda shi da kansa ya ke kira "baƙaƙena".

Turawa suna lissafa shi cikin waɗanda za mu kira ma'abuta ishara. Wata ƙungiya ce ta mawaƙa da masu zane da ta bayyana sunanta a Faransa a 1886, ra'ayinsu shi ne kada a faɗi abu ƙiri-ƙiri, a yi nuni da shi, mai kallo ya ƙarasa sauran a zuciyarsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya ke da zambo da habaici da karin magana. Mai habaici ba ya kama suna, amma wanda aka nufa ya kan kwana bai yi barci ba.

To, bari mu fara da kayan aikin, gama duk wanda ya yi makarantar allo zai gane su nan take. Redon ya kan sami takarda mai ɗan launin ƙasa-ƙasa, ya shafe ta da gawayi har ta yi duhu, sa'an nan ya riƙa gogewa da yatsa da abin sharewa, yana kankarewa, har haske ya fito daga cikin duhun. Watau farin da ka gani a zanensa jikin takardar ne da aka tono. In ya gama hawa ɗaya sai ya shafa wani ruwan danƙo don gawayin ya zauna, ya sake ɗora wani. Danƙon nan da ya daɗe sai ya rina takardar ta koma kamar ruwan zuma. Almajiri mai daka gawayi ya gauraya da ƙaro don tawada ta kama allo, ai shi da wannan Bature sana'arsu ɗaya a nan. Bugun dutse ma, wanda abokinsa Fantin-Latour ya nuna masa hanyarsa wajen 1878, ba ya yiwuwa sai da ƙaro. A kan yi zanen da alli mai maiƙo, a ɗora shi a kan wani dutse mai sumul, a shafe dutsen da ruwan ƙaro, a jiƙa shi. Tawada mai mai sai ta kama inda allin ya bi, ta ƙi inda ruwa ya ke, kāna a danna takarda a kai. A zamanin nan kuwa 'yan kasuwar Bordo, garinsu Redon, su ne kan gaba wajen sayen ƙaro a bakin kogin Sanagal. Kun ga itacen ƙasashenmu na da hannu cikin wannan sana'a tun ba mu sani ba.

Takarda ba ta son haske, saboda haka a kan rage fitilun ɗakin da aka baje irin wannan aiki. Wannan ya yi wa Redon daidai. Mutum ya kan shiga kamar mai shiga soron gida da rana tsaka, da fari ba ya ganin kome, sai ido ya saba, sa'an nan abubuwa su fara fitowa ɗaya ɗaya.

Na fari da ya tsayar da ni shi ne zanen gawayi na 1878, ido guda ƙato da ya zama balan-balan, ya tashi sama bisa wata fadama marar kowa, ƙwayarsa ta juya tana duban samaniya, gashin ido ya kewaye shi kamar tsirkiyar rana. A 1882 ya sake yinsa a bugun dutse, cikin jerin da ya yi don tunawa da Poe, ga kan mutum a bisa faranti yana rataye ƙarƙashinsa. Mai gani zai ce mafarki ne tsantsa. Amma mutanen Faris na lokacin sun san balan-balan sarai. Sa'ad da Jamusawa suka kewaye birnin a 1870, da shi a ke fitar da wasiƙu, da shi kuma wani babban ɗan siyasarsu, Gambetta, ya fice. A 1878 ɗin ma, shekarar babban baje kolin duniya, an ɗaure wani ƙato a tsakiyar birnin yana hawa da mutane. Redon ya zana igiyoyin yadda su ke, ya ba ƙwallon nauyinsa da inuwarsa yadda ya kamata, abu guda kaɗai ya sauya. Wannan guda ɗin kuwa shi ya ke kama zuciya, domin duk sauran gaskiya ne. Ido ne da ya rabu da jiki yana neman ganin abin da ya fi ƙarfinsa, ya bar ƙasa wayam a bayansa.

Na biyu gizo ne, bugun dutse na 1887, wanda asalinsa zanen gawayi ne na 1881. Wani dunƙulen gashi baƙi ƙirin, da ƙafafu goma maimakon takwas, ya karkata gefe guda a kan daɓen ɗaki, yana murmushi haƙora waje. Na tsaya gabansa na yi dariya, gama na gane shi. Gizon tatsuniyarmu ke nan, mijin Ƙoƙi, sa'ad da ya gama shirya wa kura gadar zare. Redon bai taɓa jin labarinsa ba, amma ya kama halinsa. Ku dubi gaɓoɓin ƙafafun, kowace ta lanƙwashe inda ta tautau ta ke lanƙwashewa, kowace ta taka ƙasa tana ɗauke da rabonta na nauyi. Da ya yi su sakaka, da abin ya zama wasan yara. Da ya ke ya yi su daidai, sai mutum ya ji kamar in ya juya baya abin zai taho.

Na uku shi ne wanda ya fi daɗewa a raina, daga jerin da ya yi don girmama Goya a 1885. Wani siririn tsiro ne ya fito daga baƙin ruwan fadama, ya rankwafa, a ƙarshensa inda fure ya kamata ya kasance sai ga kan mutum, fari fat, ramamme, yana haskaka duhun kamar fitila, baƙin ciki ya cika fuskarsa. Ga kuma waɗansu ƙananan kawuna ba su gama nuna ba. Manomin Kunci ya san yadda karan dawa ke sunkuyawa in zangarniya ta yi nauyi. Haka karan nan ya sunkuya, ba ƙari ba ragi. Nan ne karatun da ya yi gaban Clavaud ya biya shi. Ban san wani zane da ya faɗi kaɗaicin ɗan Adam da kalmomi kaɗan kamar wannan ba: an dasa ka inda ba ka zaɓa ba, ba ka iya gusawa, kana kuwa sane.

Ba duka ne suka kai wannan matsayi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai zanen gawayi na 1883 na haƙora jere suna ƙyalli a sarari gaban kantar littattafai, wanda ya ɗauko daga wani labarin Poe. Gwaninta ta cika a ciki, amma wanda bai karanta labarin ba zai tsaya yana jiran bayani. Haka waɗansu daga cikin jeri uku da ya yi kan littafin Flaubert na jarrabar Antoni waliyyin Nasara, a 1888 da 1889 da 1896. Inda Redon ya jingina ga littafin wani, zanensa ya kan zama bara mai riƙe wa ubangidansa jaka. Inda ya jingina ga abin da idonsa ya gani a gona da fadama, nan ya ke tsayawa da ƙafafunsa.

Ga kuma inda na ke ja da sunan nunin. Wanda ya karanta shi zai zaci mutumin nan ya rufe ido ne ya juya wa duniya baya. Abin da ke rataye a bangon kuwa ya ƙaryata haka. Cikin kayan Woodner akwai zanen itatuwa na wajen 1875, ba dodo ba aljan, kututture ne kawai da rassa, an bi ɓawonsu tsaga tsaga da haƙurin mai ɗinkin aska takwas. Mutane suna wuce su da sauri don su je ga dodanni, alhali su ne mabuɗin ɗakin duka. Redon da kansa ya bayyana cikin rubuce-rubucensa, waɗanda aka tara aka buga a 1922, cewa ya kan wuni yana kwaikwayon tsakuwa ko ƙwayar ciyawa ko hannu dalla-dalla, kashegari sai surori su riƙa ɓuɓɓugo masa. Ya kuma ce abin da ya sa gaba shi ne ya sa halittun da ba su yiwuwa su rayu bisa ƙa'idar waɗanda su ke yiwuwa. Ashe bai tsallake abin da ido ke gani ba, ta cikinsa ya bi. Da ni aka tambaya, da itatuwan nan zan sa a bakin ƙofa, kowa ya gaishe su kafin ya shiga.

Duniya ba ta yi saurin karɓarsa ba. Jerinsa na fari na bugun dutse, na 1879, guda 25 kaɗai aka buga. Ya haura shekara arba'in kafin a yi masa nuni nasa na kansa, a ofishin wata mujalla a 1881, mutane kuwa ba su kula ba. Sai a 1884, da marubucin nan Huysmans ya sa zane-zanensa a ɗakin jarumin wani littafinsa, sunansa ya fara yawo, amma a matsayin mai zanen abin tsoro don masu neman baƙon abu. Wannan suna ya taimake shi, ya kuma cuce shi, gama har yau da shi a ke fara gabatar da shi.

Sa'an nan sai launi ya shigo. Ɗansa na fari ya rasu yana jariri a 1886, aka haifa masa wani, Arï, a 1889. Clavaud ya rasu a 1890. A 1897 aka sayar da gidan gonar Peyrelebade, inda ya saba komawa kowace shekara ya yi baƙaƙensa. Daga wajen 1900 ya ajiye gawayi, ya kama alli mai launi da fenti, ya shiga zanen furanni cikin tulu da dawakin sama da jiragen ruwa. Kasuwa ta buɗe, gwamnati ta ba shi lambar girma a 1903, a 1913 kuma aka kai aikinsa da yawa babban nunin nan na Niyu Yok da ya gabatar da sabon zanen Turai ga Amurkawa.

Masu kallo da yawa sun fi son wannan kashi, na kuwa ga dalilinsu. Akwai zanen alli na wajen 1910, na wani jarumi da ya zo ceton budurwa daga bakin dodon teku, inda shuɗi da kore da ruwan hoda suka murɗe kamar hadarin Agusta, har sai ka nema kafin ka ga mutanen. Shuɗin nan ko marinar Ƙofar Mata sai ta yaba. Amma Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Launi miya ne. A cikin baƙaƙen ba shi da abin da zai ɓuya a bayansa, gawayi ne da takarda, kowane haske sai ya yi gumi ya tono shi. A cikin furannin kuwa, wani lokaci daɗin launin ya kan yi masa aikin, ka fita ɗakin ido ya ƙoshi amma ba abin da ya biyo ka gida. Na keɓe guda ɗaya, wanda ya yi wajen 1911 da fenti a kan takarda, ya kira shi shiru. Fuska ce cikin wani kewaye mai siffar ƙwai, ido a runtse, yatsu biyu a kan leɓe, launin kuwa ƙasa-ƙasa ne kusa da na tsofaffin takardunsa. A nan dattijo ya koma ga abin da ya iya, ya faɗi abu da yawa ta hanyar rufe baki.

Wani abin lura game da nunin shi ne, taskar gida guda ce aka buɗe, saboda haka hukuncin mai kallo ya rataya ga abin da attajiri guda da 'yan kaɗan suka so suka saya. Gizon gawayi na asali yana Faris, haka zanen nan na 1890 na fuska mai rufaffen ido, wanda a ke ɗauka shi ne gada tsakanin baƙi da launi. Ƙaton nan mai ido ɗaya da ke leƙen wata mace daga bayan dutse yana ƙasar Holan. Rashin na tsakiyar nan ya sa sauyin ya zo wa mai kallo kamar an kunna fitila farat ɗaya, alhali kuwa shekara goma ya yi yana tafe.

Na san waɗansu za su ce, ina ruwanmu da surorin wani Bature, ga shi kuwa malamanmu suna da magana a kan sura? Wannan fagen malamai ne, ba zan shiga gonarsu ba. Abin da na ɗauko ya wuce sura, gama ya shafi mai zayyanar allon sauka, da mai zanen gaban riga, da magini mai yi wa soro ado, har da mai tatsuniya da mai waƙa. Tsohuwar da ta iya ba da labarin Dodo, in kun lura, ba ta cika shi da kai bakwai. Ta kan ba shi tafiyar wani da kuka sani, da tarin wani da kuka taɓa ji a zaure, sai yara su matso jikinta.

Da yaron nan ya komo, na nuna masa gizon da furen fadama, na tambaye shi a ina ya ga dodanninsa. Ya ce a waya. Na ce, to, shi ya sa, ka kwaikwayi mafarkin wani, shi ma kuwa a wurin wani ya aro. Na ce ya ajiye littafin nan wata guda, ya samo gawayi a murhun gidansu, ya tafi gona. Ga gawo can, itacen da ke zubar da ganye da damina sa'ad da kowa ke kore, ya yi kore da rani sa'ad da kowa ya bushe. Ga kuka mai kama da wanda aka dasa kai ƙasa. Ga fara, ga kunama, ga gurjin da ya fashe. Ya zauna ya zana ɗayansu har ya san shi kamar yadda ya san fuskar mahaifiyarsa, kada ya ƙara kome, kada ya rage. In ya yi haka wata guda, sa'an nan ya zana mini dodo. Ya ce, "To, Malam," ya tafi, ban ga alamar maganar ta yi masa daɗi ba. Amma shekaranjiya da yamma na hango shi zaune gindin gawon da ke bayan gari, takarda a gwiwa, hannu baƙi ƙirin.